Fiffike na Uku

A ɗakin baƙi na gidan ɗana akwai fanka ta sama, kuma wanda ya haɗa musu wuta, Allah ya shirye shi, ya ɗaura ƙwan fitila a bisa fankar maimakon a gefe. In an kunna su tare sai fukafukan su riƙa yanka hasken, ɗaki duka ya kama ƙiftawa, bango ya yi haske ya yi duhu, ya yi haske ya yi duhu. Su ba su ma lura ba. Ni kuwa ina shiga na rufe ido ɗaya da tafin hannu, na ce a kashe ɗaya daga ciki, ko fanka ko fitila, su zaɓa. Surukata ta ɗauka tsufa ne ya fara taɓa ni. Ban yi mata bayani ba, don labarin ya fi ƙarfin tsayuwar bakin ƙofa. Ku da kuke zaune, bari in ba ku shi.

Na tashi a Birnin Konni, a hannun kakata ta wajen uba. Mahaifina magini ne, yana cikin waɗanda suka yi aikin masana'antar siminti ta Malbaza, kuma sanƙarau ya ɗauke shi wata bazara ina goye. Mahaifiyata ta gama takaba, ta yaye ni, aka yi mata aure wajen Illela, ni kuma aka bar wa Kaka ni. Ba mu da hotonsa ko ɗaya. Abin da na sani game da fuskarsa shi ne abin da mata ke faɗa in sun kama haɓata suna juya ni: wannan ta ce goshin nasa ne, waccan ta ce a'a, goshin na uwarta ne, hancin dai. Sai su sake ni in tafi da fuska rabi da rabi, ban san wane yanki ne nasa ba.

Kaka ba ta shiga wannan gardama. Shi ne ɗanta na fari, kuma matan zamaninsu ba sa faɗin sunan ɗan fari, ba sa yi masa wasa, ba sa ma tsayar da ido a kansa. Kunya ake ce wa abin, kuma mace takan yi alfahari da ita. Mutuwa ba ta sauke wa Kaka wannan kunyar ba. In dole ta kama ta ambace shi sai ta ce "wancan", ta ci gaba da saƙar faifanta, don saƙar faifai ce sana'arta, kullum akwai kaba jiƙe a tsohuwar ƙwarya kusa da ƙafarta. In na dame ta da tambaya sai ta ce in tashi in duba ko awaki sun sha ruwa. Awakin gidanmu sun sha ruwa ƙwarai saboda tambayoyina.

Duk sakin fuskar da ta hana ɗan fari, autanta ta juye wa, wato Baffa, ƙanen mahaifina. Shi kam tana zaginsa tana dariya, tana ɓoye masa ƙanzon tuwo kamar ƙaramin yaro, ga shi da gemu. Yana aiki da motar majigi ta gwamnati, wadda ke zagaya garuruwa bayan girbi tana nuna silima kyauta a fili: yadda ake shuka gyaɗa a layi, yadda ake tace ruwan sha, yadda ake kai yara rigakafi. Direba daban ne. Baffa shi ne mai na'ura kuma mai magana, domin yawancin finafinan ba su da murya, shi yake riƙe lasifika yana sa wa mutanen ciki magana a baki. Rabin abin da yake faɗa ba ya cikin abin da aka koya masa a buro, wato ofishinsu, kuma wannan rabin ne mutane ke zuwa ji.

Ni ina da farfaɗiya. Na faɗe shi kai tsaye don na gaji da jin ana kewaye shi da wasu sunaye. Faɗuwata ta farko a gaban majigin Baffa aka yi ta. Ban daɗe da fara famfara ba aka kai ni kallo. An ɗaura farin ƙyalle a bangon lakwal, makarantar bokon garinmu, an tada gurup, wato injin da ke ba da wuta, mu yara mun cika gaba muna ture juna, iska na kawo ƙanshin tsire da warin isansi, wato fetur. Da hoton ya fito ban ga mutanen ciki sosai ba, hasken na gani, yana bugun idona wal, wal, wal, ba ya tsayawa. Sai na ji ɗanɗanon ƙarfe a bakina. Abu na gaba da na sani shi ne ina kwance a ɗakin Kaka, harshena ya kumbura, zanena a jiƙe.

Gari ya ce iskokin majigi ne suka taɓa ni. Iyaye suka fara kiran 'ya'yansu in na zo wurin wasa, aka daina sa hannu a kwano ɗaya da ni, wai ana ɗauka ta miyau. Wannan ya fi faɗuwar ciwo. Kaka ba ta yi faɗa da kowa ba. Sai dai ta mai da cin abincinmu bakin ƙofar gida, inda duk mai wucewa zai gani, ni da ita a akushi ɗaya, ta kuma riƙa shan ragowar furata tana lashe ludayi. Na sha rubutu, na rataya laya, daga baya aka kai ni likita aka ba ni wasu ƙwayoyi farare ƙanana. Amma doka ɗaya ta kafu: ni da majigi har abada. In motar Baffa ta shigo gari yara suka bi ta da gudu, ni ina zaune gindin Kaka ina miƙa mata kaba, muryar Baffa na zuwa ta bisa katangu, dariyar jama'a na biyo ta. Na tsani dariyar nan, ban ɓoye ba.

Faɗuwa ta biyu babu majigi a wurin, babu ma duhu. Da hantsi ne, muna bayan babbar mota za mu Illela in ga mahaifiyata. Akwai wani wuri da itatuwan dogon yaro suka jeru a bakin hanya, rana na bayansu, mota na gudu, hasken ya riƙa faɗowa a fuskata yana ɗaukewa. Ɗanɗanon ƙarfen ya dawo. A hanyar komawa, da muka kusa itatuwan, Kaka ta ja bakin mayafinta ta rufe mini gefen fuska ɗaya, gefen da rana take. Da ɗaya idon na ga itatuwan suna wucewa, kuma ban faɗi ba. Daga ranar duk inda haske ke rawa, ko a kan ruwan tabki ne, hannunta na riga ni sani.

Wata shekara, an gama shigar da hatsi rumbu, albasa ta fara cika kasuwa, Baffa ya shigo gida da hantsi ba tare da waƙar banzan da ya saba shigowa da ita ba. Ya zauna a kan turmi. Kaka ta miƙa masa fura ya riƙe bai sha ba. Ya ce an ba shi wani tsohon fim na lokacin da ake gina masana'antar siminti, ya zagaya da shi, kuma da ya gwada shi a garin Tawa kafin su taso, ya ga wani a ciki.

"Na ga Yaya, Inna," in ji shi. "Shina bisa gini. Ya juyo har ya yi dariya."

Hannun Kaka bai tsaya da saƙa ba, amma na ga ta soka kaba inda ba a sokawa. Baffa ya ce ranar kasuwa za a nuna shi a Konni, washegari Malbaza, daga nan a mai da shi Yamai, kuma abin da ya koma can ba ya cika dawowa.

Ina bayan rumbu ina jin komai. Na fito na ce zan je.

"Ba ki zuwa," in ji Kaka.

Na yi kuka, na yi birgima, na ƙi cin tuwo. Ni dama ba a san ni da sauƙin kai ba. Da dabara ta ƙare mini sai na faɗa mata magana mai nauyi, irin wadda yaro kan faɗa bai san kaifinta ba. Na ce ita ta san shi, Baffa ya san shi, har mai tsiren bakin lakwal zai ga ubana, ni kaɗai ce a garin nan ba zan gan shi ba. Ta dube ni ta daɗe. Ba ta aike ni wurin awaki ba.

Da la'asar na ji tana yi wa Baffa magana ƙasa ƙasa.

"Ba iskoki na ba. Na daɗe ina lura. Haske na mai ƙihtawa ka kada ta." Ta ba shi labarin itatuwan hanyar Illela da na ruwan tabki.

Baffa ya tashi ya fita, ya dawo rungume da na'urar, ya ajiye ta a kan tabarma a tsakar gida, ya kwance murfin gefenta. Ban taɓa ganin cikinta ba. Tsakanin ƙwan fitila da gilashin da hoto ke fita akwai wani ɗan faranti na ƙarfe mai fukafukai biyu, kamar ƙaramar fanka. Ya juya shi da yatsa ya yi mana bayani, ni da Kaka, ko da yake ita ta yi kamar ba da ita ake ba. Ya ce fim hotuna ne tsayayyu a jere, na'ura na jan ɗaya ta kawo wani. Lokacin da take ja, fiffike ɗaya kan tare hasken don kada ido ya ga jan. Fiffike na biyu ba ya ɓoye komai, aikinsa kawai ya ƙara yanka hasken, domin in yankan ya yi sauri sosai ido kan daina ganinsa, ya ɗauka haske ɗaya ne a zaune. Matsalar ita ce tsofaffin finafinan nan a hankali aka ɗauke su. In ya tafiyar da na'ura daidai da tafiyarsu, fukafukan ma a hankali suke juyawa, ƙiftawa ta fito fili. In ya ƙara gudu ƙiftawar ta ragu, amma mutanen ciki su kama sauri, jama'a su yi ta dariya.

"To ƙara gudun mana," na ce.

"A'a, ɗiyata. Ba ni son ki ga ubanki shina gudu awa ɗan tsako. Mutum na mai natsuwa."

Ya ce wani tsohon makaniki a Yamai ya taɓa gaya masa akwai na'urori masu fukafukai uku, waɗanda ko a hankali suke tafiya haskensu ba ya rawa. Shi bai taɓa gani ba. Amma faranti ne kawai, kuma a kasuwar Konni akwai mai ƙera fitilun gwangwani da almakashinsa ke yanka komai.

"Ni dai ban ce na yarda ba," in ji Kaka.

"Ban ce kin ce ba, Inna."

Kwanakin da suka rage kafin kasuwa, gidanmu ya koma maƙera. Baffa ya samo tsohuwar garwar kananzir, mai fitilu ya yanka masa faranti mai fukafukai uku, da ido suka raba. Aka tura ni gidan maƙwabta, aka gwada a zaure. Daga can ina jin na'urar tana kakkarwa kamar za ta wargaje. Da na dawo na tarar da Baffa ya yi sharkaf da gumi, ya ce abin ya fi da muni, hasken ɗingishi yake yi, don fiffike ɗaya ya fi 'yan'uwansa faɗi. Suka yanka na biyu, shi ma haka. Baffa ya zauna a tsakar gida da sabon faranti da ba a yanka ba tukuna, yana auna shi da yatsu yana tsaki.

Kaka tana kallonsa ta wutsiyar ido. Can ta ajiye faifanta, ta ce ya miƙo. Ta zaro siririyar kaba daga ƙwarya, ta zagaya bakin farantin da ita, ta gutsure daidai inda kai ya haɗu da wutsiya. Ta ninka ta uku, ta sake ninka ta biyu, ta danne kowane lanƙwaso da haƙori. Sannan ta warware, ta sake zagaya farantin, ta bi kowane gurbin haƙori ta ɗiga gawayi. Nan fiffike, nan fili, nan fiffike, nan fili, har ta zagayo. Haka take raba zanen faifai tun kafin a haifi Baffa.

"Ungo," ta ce. "Kai ko tuwo anka ba ka ka raba, sai an yi hwaɗa."

Baffa ya karɓa da hannu biyu. Babu wanda ya ce Kaka ta yarda, babu kuma wanda ya sake tambayarta.

Wannan farantin ya zauna. Baffa ya ɗora shi a kan ƙusa ya juya, bai karkata ko'ina ba. Ya riƙe shi a bisa hayaƙin fitilar aci-balbal har ya yi baƙi ƙirin, don kada ƙarfen ya riƙa mai da walƙiya. Sai wata matsala ta fito: fiffike na uku yana cin haske, hoton ya dushe. Maganinta shi ne a matso da na'ura kusa da bango, hoton ya ƙanƙance, bai fi faɗin babban tire ba, amma ya fito sarai. Ya kwance gurup ya wanke cikinsa, ya tace isansi da tsohon ɗankwalin Kaka, domin in injin ya yi tari fitila ma takan yi. Ya roƙi direba ya tsaya kusa da injin ya riƙe masa murya ɗaya. Na leƙa ta kafar zana na ga yadda yake gwaji: ba ya kallon hoton kai tsaye, sai ya juya kai gefe ya saci kallonsa. Daga baya ya gaya mini gefen ido ya fi tsakiyarsa kama ƙiftawa, in gefen bai gani ba to an yi nisa.

Ranar kasuwa da azahar ya zo ya durƙusa gaban Kaka. Ban taɓa ganinsa ba wasa a fuska kamar ranar ba.

"Na rage ta, Inna, ban kashe ta ba. Ni ba likita na ba. In kin ce a bari, a bari."

Na san in Kaka ta ce a bari, an bari ke nan, kuma na san tsoronta ba na banza ba ne, ita ke riƙe kaina duk lokacin da na faɗi.

Kaka ta ce a ɗakinta za a yi, bayan la'asar, da sauran rana. Ba za a rufe ƙofa ruf ba, a bar haske na shigowa. Ba a kiran kowa. In sha ƙwayata tukuna. Kuma in ta ce a tsaya, ko a tsakiyar me ake, a tsaya.

Ina iya jin ƙanshin ɗakin nan har yanzu: jiƙaƙƙiyar kaba, daddawa, da ƙurar gero daga buhun da ke bayan ƙofa. Baffa ya sauke faifan da ke rataye a bango ya kafa farin zane. Waya ta bi ta ƙarƙashin asabari ta fita waje inda gurup ke ruri. Aka zaunar da ni can ƙarshen ɗaki a bakin gado. Kaka ta jawo kujerarta 'yar tsugunne ta zauna dab da ni, gwiwarta na taɓa tawa, fuskarta na kallona, bayanta na kallon bangon da aka kafa zanen. Ta ɗora tafin hannunta a kan idona na hagu. Hannun na da kaushi, kaba ta tsattsaga shi, kuma yana da ɗumi.

Na'ura ta fara ƙara. Na ƙanƙame bakin gado ina jiran bugun nan na wal, wal. Bai zo ba. Hasken ya kwanta a kan zanen lumui, kamar madara a ƙwarya. Na motsa harshe ina neman ɗanɗanon ƙarfe, ban same shi ba. Sai na fara ganin abin da ke ciki: tuddan Malbaza da fararen duwatsunsu, mutane a jere da kwanonin ƙasa a ka, wani Bature da malafa yana nuna wani abu da sanda, jakuna suna wucewa abinsu. Kowa na tafiya irin tafiyar mutane. Baffa bai ce uffan ba. Ranar na fara ganin fim ɗinsa ba surutu.

"Ga shi nan," ya ce a hankali. "Na bisa katako, mai cokalin gini."

Wani mutum ne siriri mai dogon wuya, ya ba mu baya, yana jera bulo. Ya ɗebi siminti ya shafa, ya ɗora, ya ƙwanƙwasa da gindin cokali. Da alama wani ya kira shi daga ƙasa, don ya juyo. Ya dubo mu sosai. Yana da tsage irin na Baffa, amma fuskarsa ta fi tsawo. Ya rasa yadda zai yi da hannuwansa, sai ya ɓoye cokalin a bayansa kamar yaron da aka kama da abin da ba nasa ba. Sannan abin ya ba shi dariya shi kansa, ya yi ta, na ga wushirya. Ya share goshi da damtse, ya koma ga bulonsa.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ji kaina na ce, "Ina wuni, Baba."

Duka abin bai kai tsawon karanta Fatiha ba. Hoto ya koma kan wani dogon bututun hayaƙi. Baffa ya yi wani sauti a maƙogwaro, ya sunkuya kan na'urarsa yana taɓa abin da ba ya bukatar taɓawa, sannan ya kashe ta.

Kaka ta ɗauke hannunta. Ta buɗe mini ido da yatsa ta leƙa, wannan sannan wancan. Ta ce in fito da harshe. Ta tambaye ni ko ina jin ƙarfe a baki, na ce a'a. Ta ce alhamdu lillahi, sau ɗaya, ta saki numfashi mai tsawo.

"Inna," in ji Baffa, "bari ta hita waje, in maido miki shi. Ba shi ɗaukar lokaci."

"Ni mi za ni gani? Ni na haihe shi. Kwashe tarkacenka, magariba ta kusa."

Ya sake roƙonta. Ta ɗauki tsintsiya ta fara shara ta wajen ƙafafunsa, dole ya naɗe wayarsa.

Da magariba ta wuce ya mai da tsohon faranti mai fukafukai biyu, don babban ƙyallen lakwal na son haske da yawa, ya tafi ya nuna wa gari. Muryarsa ta zo ta bisa katangu kamar kullum, dariyar jama'a ta biyo ta, kuma ranar ba ta yi mini ciwo ba. Ina zaune ina jujjuya fuskar nan a raina don kada ta gudu. Kaka na tuƙa tuwo, ta ba ni baya. Can, ba tare da ta juyo ba, ta ce:

"Wancan. Da riga shike ko babu?"

Na ce da riga, mai gajeren hannu, ta yage a kafaɗa.

"Ya rame?"

Na ce siriri ne dai. Ta ce dama haka yake. Ta ci gaba da tuƙi.

Wannan tambayar ba ta ƙare a ranar ba. Shekara da shekaru, in mu biyu ne kaɗai kuma hannunta na cikin aiki, sai ta jefo ɗaya. Wane hannu ya riƙe cokalin? Da hula ko babu? Da ya yi dariya, ya rufe baki? In na ƙara gishiri ta kama ni nan take, ta ce wancan karon ba haka na faɗa ba. Matan unguwa kuwa labari ya kai musu, suka yi ta yaba mata: ga mace mai kunya, ko a majigi ta ƙi duban ɗan fari. Ni ma haka na ɗauka, kuma in faɗi gaskiya na riƙe ta da abin a zuciya. Ina ganin ko don yagaggiyar rigar nan ya cancanci ta juya sau ɗaya.

Yanzu motar majigi ta zama labari. Baffa ya bi sawun fim ɗin bayan ya bar aiki, bai same shi ba, shi ma ya rasu. Ciwona ya yi sauƙi da girma da magani, na yi aure, na haifi 'ya'ya, na ga jikoki. Hoton yau a tafin hannu yake, sumul, ba ya rawa, kuma jikokina na ɗaukar duk abin da ya motsa, har kazar da za a yanka. In mutum ya rasu ana da muryarsa da tafiyarsa da tarinsa a waya, a kalla a sake kalla har a gaji. Ban ce wannan ba alheri ba ne. Kunyar ɗan fari ma ta tafi, 'ya'yana mata suna kiran nasu da suna tun daga bakin titi. Ni dai nakan kalle su in tuna da matar da aka kawo mata ɗanta har cikin ɗaki ta ba shi baya.

Sau ɗaya na tambaye ta. Na yi haihuwar fari na zo wanka gida, ita kuma ta tsufa ƙwarai, yanar ido ta rufe mata gani, saƙa ma da lalube take yi. Muna zaune mu biyu, jaririn na kan ƙafarta. Na ce, Kaka, ranar nan don me ba ki juya ba?

"In na juya wa ka tsaron idonki?" ta ce. "Hwaɗuwarki daga ido taka tasowa. Shina kahewa kamin jiki shi sani. Na ce in na ga haka in ruhe miki gudan."

Na ce to ai Baffa ya ce zai fitar da ni ya maido mata.

Ta shafa kan jaririn.

"Sau guda anka ɗauke min shi, na jure. In gan shi shina motsi, a kashe na'ura, a sake ɗauke shi? Ban san ko ina jure na biyu ba." Ta ɗan gyara zama. "Amma kada ki ce ban gani ba. Lokacin da yaj juyo na sani, ba wanda yag gaya min. Leɓenki na ƙasa ya shige ciki kin cije shi. Haka shika yi tun shina jinjiri, in ya ga na shigo."

Na ce, ke da ba kya kallonsa?

"Gaban mutane," ta ce. "Cikin ɗaki ai ba kowa."

Har yau 'ya'yana na yi mini tsiya, wai in wanda nake so ya yi sallama sai na cije leɓe kamar mai jin kunya. Ban taɓa ƙoƙarin dainawa ba.